AMSAR WASIƘUNKU: Man Ogzilari, Man Da Masu Mota Ke Mancewa Da Shi

Wasiƙar da za mu amsa a wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi, da ke zaune a wani ƙauye bayan Samaru ta hanyar Shika. Mun karanta ta a rediyo, amma lokaci bai bar mu mun yi bayani yadda ya kamata ba. Shi ya sa muka kawo cikakkiyar amsar a nan, domin wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a kuma ninke takardar a ajiye cikin mota.

TAMBAYA

Malamin ya ce yana da tsohuwar Hilux mai ja da ƙafa huɗu, irin wadda ake ce wa fowil. Da ita yake kwaso masara daga gona ya kai kasuwar Giwa, wani lokaci kuma ya sauke kayan miya a Sabon Gari. Ya ce bai taɓa wasa da juyen baƙin mai ba. To amma tun cikin watan Agusta, bayan da ya ratsa wata ƙorama da ta kawo ruwa, sai ya soma jin wani gunji a ƙarƙashin kujera, wanda ke ƙaruwa in mota ta ɗauki gudu. Ya kai wa wani bakanike a Sabon Gari, aka ce masa man ogzilari ne ya lalace, sai an juye shi. Shi kuwa shekara 6 ke nan da sayen motar, bai taɓa jin wani mai wai shi man ogzilari ba. Yana so ya sani, shin akwai shi, ko kuwa wata hanya ce aka ɓullo da ita ta cin kuɗinsa?

AMSA

To Malam, akwai shi, kuma bakaniken nan bai yi maka ƙarya ba. Abin da ya kamata ka yi mamaki ma shi ne yadda motar ta kai shekara 6 a hannunka ba wanda ya taɓa leƙa wurin. Kuma ba kai kaɗai ba ne. Da na zaga garejin kanikawa a Sabon Gari domin neman bayani a kan wasiƙarka, kusan duk wanda na tambaya abu guda ya gaya mini, watau mai mota ba ya kawo maganar ogzilari sai ran da ya fara kuka.

Da yake ni asalina malamin makaranta ne, ka yi mini haƙuri mu fara da sanin abin kansa kafin mu zo ga mansa.

Ka kwanta ƙarƙashin motarka ka duba. Bayan inji akwai giyabos. A jikin giyabos ta baya akwai wani ƙaramin akwatin ƙarfe da aka ɗaure da notina, wanda farfela biyu ke fitowa daga jikinsa, ɗaya ta nufi aksul na baya, ɗaya ta juya ta nufi na gaba. To wannan akwati shi ne kanikawanmu ke kira ogzilari. Motar da ke ja da ƙafa biyu kawai ba ta da shi sam, shi ya sa wanda ya saba da ƙaramar mota ko bas bai san shi ba. Aikinsa kamar na mai ban ruwa ne a fadamar Galma. Inji ya turo ruwa cikin babbar hanya, mai lambu ya tsaya a mararraba da fartanya, in ya ga dama ya sakar wa fangali ɗaya, in ya ga dama ya buɗe wa biyu. Haka ogzilari yake karɓar ƙarfi daga giyabos, ya ba ƙafafun baya su kaɗai, ko ya raba musu da na gaba.

Ƙaramin sandan nan da ke kusa da sandan giya shi ne fartanyar. A Toyota za ka ga an rubuta H2, H4, N, da L4. H2 ita ce tafiyar kwalta, ƙafafun baya kaɗai ke ja. H4 ƙafa huɗu ne da gudun da aka saba. L4 kuwa ita ce ta fita daga taɓo ko hawan tudu da kaya, domin tana rage gudu ta ninka ƙarfin ja wajen sau biyu da rabi a irin motarka. Hilux ta fara fitowa ne a 1968, amma mai ja da ƙafa huɗu sai a 1979. Land Rover kuwa da ogzilarinta ta zo duniya tun 1948, shi ya sa tsofaffin direbobin ma'aikatun gona suka fi kowa sanin wannan akwati.

Ga wurin da mutane ke yin kuskure. Sai ka ji mutum ya ce ai ni ban cika sa fowil ba, sai da damina, don me zan damu da mansa? To ko kana kan H2, duk ƙarfin da ke zuwa ƙafafun baya ta cikin wannan akwati yake bi. Daga Samaru zuwa Kwangila, daga Kwangila zuwa Kaduna, ƙarfen da ke tsakiyarsa yana juyawa a kan boris ba hutawa. A ciki akwai haƙoran giya, a wasu motocin kuma har da wata faffaɗar sarƙa da ke kai ƙarfi ga farfelar gaba. Duk waɗannan a cikin mai suke wanka, kuma man nasu daban yake. Ba ya haɗuwa da baƙin man inji, ba ya haɗuwa da na giyabos a irin waɗannan motoci namu. Yana da ƙofar zubawa tasa, da ƙofar juyewa tasa. Saboda haka ko sau ɗari ka juye baƙin mai, ba ka taɓa shi ba. Kuma ba shi da yawa. A Hilux daga lita 1 ne zuwa lita 1 da rabi da 'yan kai, gwargwadon shekarar motar. Abin da bai kai lita 2 ba, in ya yoye rabi, ka ga saura me?

Yanzu mu zo ga ƙoramar da ka ratsa, domin a ganina nan ne matsalarka ta samo asali. A saman akwatin akwai wata 'yar ƙofar shan iska, domin in mai ya yi zafi iskar ciki ta sami wurin fita. To ka yi tafiya, ƙarfe ya ɗauki zafi, sai ka faɗa cikin ruwa mai sanyi. Nan take iskar ciki ta tsuke, akwatin ya zuƙo abin da ke waje. In ruwan ya kai wannan ƙofa, ko kuwa robar da ke tare mai a bakin farfela, wadda ake kira oyil-sil, ta tsufa, to ruwa da laka ne za su shiga. Ruwa in ya gauraya da man giya sai ya koma fari-fari kamar kunun gyaɗa. Irin wannan mai ba ya hana ƙarfe cin ƙarfe, ga shi kuma in mota ta kwana biyu a tsaye tsatsa ta kama boris. Boris mai tsatsa shi ke yin irin gunjin da ka kwatanta. Ƙasar Zariya kuwa kowa ya sani, daga Mayu zuwa ƙarshen Satumba ruwa ake yi, Agusta ce uwar tafiya, kuma hanyoyin gonakinmu da yawa sai an tsallake rafi ko kwari.

Sai dai in gaya maka gaskiya tun yanzu, kada ka ce mun ruɗe ka. Sabon mai ba ya gyara abin da ya riga ya cinye. In an yi sa'a ɓarnar ba ta yi nisa ba, za ka ji ƙarar ta ragu ko ta ɗauke. In kuwa boris ya riga ya tafi, sai an sauke akwatin an canja shi. Amma duk da haka a fara da juyen man, domin shi ne mai araha, kuma abin da ya fito daga ciki shi zai gaya maka halin da ake ciki.

Wane mai za ka saya?

Nan ne na fi so ka buɗe kunne, domin an fi yin ɓarna wajen zuba man da bai dace ba fiye da wajen barin tsohon. Tsofaffin Hilux da Land Cruiser masu sanda, man giya suke sha, wanda aka rubuta wa 75W-90 a jikin galan, tare da alamar GL-4 ko GL-5. Tsofaffin Land Rover kuwa EP90 aka san su da shi. Hilux ɗin da aka fara yi daga 2015, wadda maimakon sanda wani ɗan maɓalli ake murɗawa, kamfanin ya ce a zuba mata wani mai na musamman mai lamba 75W, wanda ya fi wancan tsinkewa. Sa'an nan akwai motocin Amurka da ake shigo da su na hannu, irin su Jeep da Ford da Chevrolet, waɗanda da yawansu jan man nan na giyar otomatik, watau ATF, ake zuba wa ogzilarinsu. In ka ɗura musu man giya mai kauri ka cuce su, haka kuma in ka zuba jan mai a tsohuwar Hilux ka cuce ta. Saboda haka magana ta ƙarshe tana cikin littafin motar. In babu littafin, kamar yadda akasarin motocin hannu suke zuwa, to a je wurin wanda ya ƙware a kan irin wannan mota, a gaya masa shekararta, kada a tsaya ga yaron shago.

Wani zai ce to in zuba baƙin man inji mana, ai mai mai ne. A'a. Man giya an haɗa shi da wasu magunguna masu farar wuta a ciki, waɗanda ke manne wa haƙoran giya su hana su gogar juna in an danne su da nauyi. Su ne ke ba shi warin nan mai hawa kai wanda duk wanda ya taɓa shinshinawa ba ya mancewa. Man inji ba a yi shi domin wannan aiki ba. Kuma kada lamba ta ruɗe ka. Ma'aunin man giya daban, na man inji daban. Man giya mai lamba 90 kaurinsa bai wuce na man inji mai lamba 40 ko 50 ba, bambancin yana cikin haɗin.

Akwai kuma wata dabara da wasu ke yi wadda ban yarda da ita ba ko kaɗan. In akwati yana kuka sai a ɗura masa mai lamba 140, irin na aksul ɗin manyan motoci, domin kaurinsa ya danne ƙarar. Ƙarar takan ragu kam, amma ciwon yana nan, kamar wanda ya rufe gyambo da riga ne. Ga shi kuma da sanyin hunturu irin na Samaru a Disamba da Janairu, wannan mai yakan yi nauyi da safe, ya daɗe bai kai ga boris ɗin da ke sama ba. Masu shirin sayar da mota su suka fi yin wannan, saboda haka mai saye ya lura.

Game da wurin saye, kasuwar Sabon Gari da shagunan kayan mota da ke kewaye da ita babu irin man da ba za ka samu ba, mai kyau da jabu. Shawarata ita ce ka sayi wanda ke cikin galan ko gora a rufe da hatiminsa, a gidan mai ko wurin dilan da aka sani, ka duba lambar da idonka. Man awo da ake tsiyayowa daga duro a zuba a kwalba, ba ka san ko mene ne ba, shi ma mai sayarwa sau da yawa bai sani ba. Lita 2 kawai kake bukata. Rangwamen da za ka samu a kan lita 2 bai kai kuɗin boris ɗaya ba, balle ladan saukewa da ɗorawa.

To ga yadda ake aikin. Ko da ba kai za ka yi da hannunka ba, ka san shi domin ka tsaya a kan mai yi.

Da farko a ɗan zaga da motar mai ya yi ɗumi, domin ya tsinke ya fito da dattin da ya kwanta. Tafiya kamar daga Samaru zuwa Kwangila ta isa. Sa'an nan a tsayar da ita a wuri mai daidai, ba gangare ba, domin in ta karkata awon man ba zai yi daidai ba. A kashe inji, a ja hambirki, a sa giya, a kuma tare ƙafafu da duwatsu gaba da baya. A tabbata ƙaramin sandan ba ya kan N, domin in yana can, giyar da ka sa ba ta riƙe komai ba. Hilux tana da tsayin da mutum zai shiga ƙarƙashinta ba sai an ɗaga ba. In kuwa dole sai an ɗaga, don Allah kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Gara a nemi gareji mai rami.

A jikin akwatin, yawanci ta baya, za ka ga manyan notina biyu, ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama da shi wajen tsakiya. Na ƙasa na juyewa ne, na sama na zubawa. A yawancin Toyota sifana mai lamba 24 ke kwance su, wasu kuma alanki mai lamba 10. A lura sosai, giyabos ma yana da nasa biyun, kuma ba su da nisa da juna. An sha yin haka, yaro ya juye man giyabos, ya je ya ƙara wa ogzilari, mai mota ya tashi da giyabos a bushe. Ka bi farfelar gaba da ido har inda ta shiga, wannan akwatin shi ne naka. A goge laka da ƙurar da ke kewaye da notinan tukuna, kada su faɗa ciki.

Yanzu ga abin da in ka mance da komai kada ka mance da shi. Na sama ake fara kwancewa, ba na ƙasa ba. Dalili kuwa, waɗannan notina sukan ƙame, musamman wanda ya shekara 6 ba a taɓa shi ba. In ka fara da na ƙasa mai ya zube, sa'an nan na sama ya ƙi kwantuwa, ko kansa ya cinye, to ka zauna da mota ba mai a ciki, ba kuma hanyar zubawa. In a gida ne a ƙauye, ka ga ko gareji ba za ka iya kai ta ba. Amma in na sama ya ƙi tun farko, ba abin da ka rasa, sai ka tuƙa abarka zuwa Sabon Gari a san yadda za a yi da shi.

Da ka cire na sama, kafin ka ci gaba, sa ɗan yatsa a ramin. In mai yana nan yadda ya kamata, za ka taɓo shi dab da bakin ramin. In ka lanƙwasa yatsa ba ka taɓo komai ba, to yana yoyo ta wani wuri, sai a nemi wurin. In kuwa da cirewa sai mai ya yi ambaliya ya fito da yawa, abu biyu ne, ko dai ruwa ya shiga ya ƙara masa yawa, ko kuwa oyil-sil da ke tsakaninsa da giyabos ya mutu, man wancan yana tsallakowa. In haka ne a duba na giyabos shi ma a ranar.

Sai a tara kwano mai tsabta, a kwance na ƙasa. A yi hankali da hannu, man da ɗumi. A bar shi ya tsiyaye sarai, ko da minti 10 ne ko fiye, ba gaggawa. Sa'an nan a fito da kwanon cikin rana a duba, domin nan ne amsar tambayarka take, Malam. In ka ga ruwan zuma ne ko ya ɗan yi duhu, tsufa ne kawai. In fari-fari ne, ko ka ga ruwa ya riga man fitowa, to ƙoramar nan ce. In baƙi ƙirin ne yana ƙauri, ya sha zafi, wataƙila ya daɗe da ƙaranci. A wasu motocin notin ƙasa yana da mayen ƙarfe a bakinsa. In abin da ya kama laushi ne kamar toka ko kwalli, wannan cin yau da kullum ne, a goge kawai. Amma in ka murza a yatsa ka ji tsini-tsini, ko ka ga gutsattsarin ƙarfe kamar tsakin masara, to wani abu yana farfashewa a ciki, sabon mai ba zai tsayar da shi ba. Ka sa bakanike ya nuna maka kwanon da idonka. Mai gaskiya ba zai ƙi ba.

In an tarar da ruwa, wasu sukan ce a wanke cikin da kananzir ko man gas. Ni ban ba ka wannan shawara ba, domin ba ya fita duka, kuma ragowarsa tana tsinka sabon man. Abin da ya fi shi ne a zuba man da ya dace, a yi tafiyar kwana biyu ko uku da shi, a sake juyewa a zuba wani. Ka yi asarar lita guda da 'yan kai, amma cikin ya wanku.

Kowane noti yana da 'yar washa mai laushi da ke hana yoyo. Sau ɗaya ake so a yi amfani da ita, saboda haka ka sayo sababbi biyu tun kana kasuwa, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. A mayar da na ƙasa, a fara murɗa shi da hannu har ya zauna, kana a sa sifana. Kada a sa bututu a ƙara wa sifana tsawo, kada kuma a taka da ƙafa. Jikin akwatin a yawancin motocin yanzu alminiyon ne, zarensa ba ya jure ƙarfin tuwo, in ya cinye kuwa aiki ya koma babba. Ga garejin da ke da sifana mai awo, a irin wannan Toyota 37 ake sa ta a ma'aunin Nm. Ga wanda ba shi da ita, ya ɗaure da hannu ɗaya har ya ji washa ta kwanta, ya tsaya nan.

Zubawa ita ce mai ɗan wuya, domin wurin a matse yake, ba a iya kafa galan. Kanikawa suna da wani famfo kamar babban sirinji. In babu, a sami tiyo mai tsabta, a sa bakinsa ɗaya a ramin, a fito da ɗayan ta gefen mota a ɗaga sama, a kafa mazurari, wani ya riƙa zubawa a hankali. In ka ajiye galan ɗin a rana na ɗan lokaci zai fi saurin gangarawa. Ba a bukatar awo da kofi. A yi ta zubawa har sai mai ya fara dawowa ta bakin ramin, a dakata ya daina zuba sai ɗigo, to ya cika ke nan. Kada a karkata mota domin a ƙara cusa masa, mai in ya yi yawa kumfa yake yi, ya nemi hanyar fita ta oyil-sil. A ɗaure na sama da sabuwar washarsa, a goge jikin akwatin tas, a yi 'yar tafiya, washegari a leƙa a ga ko akwai danshi.

Tun da an riga an shiga ƙarƙashin motar, ruwan da ya kai ogzilari ai ya riga ya wuce aksul, domin su sun fi shi ƙasa. Saboda haka a buɗe na gaba da na baya a duba su, a kuma buga giris a gaɓoɓin farfela. Wannan yana da amfani ta wata fuskar ma, domin ba kowane gunji ne na ogzilari ba. In ƙarar tana canjawa da ka canja giya, a fi zargin giyabos. In kuwa gudun mota kawai take bi, ko wace giya kake, to tsakanin ogzilari ne da aksul da boris ɗin ƙafa. In wani ƙwas kake ji lokacin tashi, a duba gaɓar farfela.

Sau nawa za a riƙa juyewa? Ga motar da ke aikin gona, ta ɗauki kaya, ta sha ƙura da taɓo, ka riƙe kilomita 40,000. Domin ka gane yawansa, daga Zariya zuwa Kaduna wajen kilomita 80 ne, watau zuwa da dawowa sau 250 ke nan. In motar ta Amurka ce mai ƙirga mil, mil 25,000 ke nan. To amma na san motocinmu da yawa agogon ya daɗe da mutuwa. In haka ne, ka ɗaure abin da shekarar noma. Kowace shekara in ruwa ya ɗauke, kafin a fara jigilar amfanin gona a Oktoba, a buɗe notin sama a sa yatsa a duba launi. In mai kyau ne a mayar a rufe, ba a kashe ko kwabo ba. In shekara 2 ta cika a juye ko da ya yi kyau a ido. Duk ranar da ka ratsa ruwan da ya kai cibiyar taya ko ya wuce, kada ka jira Oktoba, ka duba cikin makon. Kuma ka sami ɗan littafi ka rubuta ranar, kai ba ya riƙe irin wannan.

Akwai abubuwa biyu da ke kashe ogzilari ko da mansa sabo ne. Na farko tafiya a kan busasshiyar kwalta da H4 ko L4. A irin motarka, in ka sa fowil an ƙulle gaba da baya ne su juya daidai wa daida, alhali a kwana ƙafafun gaba sun fi na baya tafiya. A cikin taɓo ko yashi taya takan ɗan zame ta huce, a kwalta kuwa ba ta zamewa, sai ƙarfin ya taru a kan sarƙa da haƙora. Saboda haka da ka hau titin Sakkwato ka mayar da ita H2, in kuma ƙafafun gabanka masu makulli ne ka sauka ka mayar da su kan FREE. L4 kuwa a tsaye ake shigarta, a taka kuloci. Na biyu shi ne tayoyi masu bambancin girma. Mun saba sayen tayar hannu ɗaya-ɗaya, wannan lamba daban, waccan daban. A motar fowil wannan yana jawo irin wancan ja-in-ja ko a miƙaƙƙiyar hanya. Amma kuma kada a ce don haka a bar fowil ɗin ya yi ta barci duk rani. Kamfanin Toyota da kansa ya ba da shawara a yi tafiyar kilomita 16 da ƙafa huɗu kowane wata domin mai ya zaga kayan gaba. A yi ta a hanyar burji, ba a kwalta ba.

Saura tsohon man da aka juye. Na san ana shafa wa dabbobi irinsa wai maganin ƙazuwa ko kaska, har wasu su shafa wa yara a ƙuraje. A daina, jama'a, akwai guba da garin ƙarfe a ciki, ga malaman dabbobi nan a Samaru da ma'aikatan gona a kusa da ku, a tambaye su maganin da ya dace. Kada kuma a zubar da shi a kwata ko kusa da rijiya, domin na kwatar Samaru ƙarshensa Kubanni ne. A zuba a galan a rufe, a bar wa masu gareji, akwai masu saye.

Malam, in ka je an juye, muna roƙonka ka sake rubuto mana ka gaya mana launin abin da ya fito da kuma ko gunjin ya ɗauke, domin akwai wasiƙu biyu a gabanmu, ɗaya daga wajen Hunƙuyi ɗaya daga Soba, masu irin wannan kuka. Wanda ya yi tambaya a kan injin ban ruwa da ke shan baƙin mai kuma ya yi haƙuri, tasa ce a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.